Numfashin Ɗanjuma

Jikata Binta ce ta tono wannan magana, ranar da ta dawo daga makaranta tana ta haddar wani abu wai shi karangiya. Na ce mata karangiyar da na sani ita ce mai maƙale wa mutum a ƙafar wando in ya ratsa saura. Ta yi mini irin dariyar da jikoki ke yi wa tsoho, ta ce a'a, ana nufin mai waƙa ya jero kalmomin da suka fara da harafi ɗaya. Na bar ta da iliminta. Ko wane ne ya raɗa wa abin wannan suna ya san shi, domin in ya kama kunne ba ya saki da sauƙi. A gidanmu na Dangora, Malam mahaifinmu bin sawu yake ce masa, wato harafi ya bi sawun ɗan'uwansa. Tun daga ranar nake jin ya kamata in zauna in rubuta muku labarin baffanku Ɗanjuma, ƙanina da ba ku riska ba. Na san abin da kuka ji a bakin dangi, wai Malam ya fifita ni, ya tura ƙaramin ɗansa haƙar kuza a Riruwai ya dawo da ciwon da ya kashe shi. Malam bai tura shi ba, kuma ba na so in mutu in bar wannan magana a kan kabarinsa.

Kun san ni da i'ina, amma wadda kuka sani ragowa ce. Ina saurayi, in na kama harafin farko na kalma sai ya riƙe ni kamar akuya a turke, in yi ta zagaye wuri ɗaya, jijiyar wuya ta tashi, ido ya kawo ruwa. I'inar ma ba ta ƙona mini rai kamar masu taimako ba. Kowa a garin nan gwani ne wajen ƙarasa mini magana. Inna mahaifiyarmu don tausayi take yi, samari don tsokana, Malam kuma don yana da almajirai suna jiransa. Su ƙarasa ɗin ma ba daidai ba, ina neman in ce a miƙo mini fura sai in ga an ɗora mini fartanya a hannu, in karɓa don kada a sake sabon zama. Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini haka ba, shi ne Ɗanjuma. In na maƙale sai ya ci gaba da abin da yake yi, ko tufkar igiya ko ɓarar gyaɗa, ba ya kallon bakina, ba ya gyaɗa kai don ya hanzarta ni, har kalmar ta fito da kanta, sa'an nan ya amsa kamar ba a yi komai ba. Wata rana muna dawowa daga gona na tambaye shi ko ba ya gajiya.

Ya ce, “Maganarka ce, Yaya. In na ƙarasa maka ai ta zama tawa.”

Yaƙin da nake yi da haruffa shi ya sa na san su fiye da masu sakakken baki. Na san wanda ke rufe leɓe, da wanda ke tokare maƙogwaro, da wanda ke kaɗa harshe, da wanda ke zubar da iska a banza. Da na iya ajami na ga a kan takarda suna yi mini biyayya, sai na shiga ramuwa. Na riƙa kamo harafin da ya fi wahalar da ni ina jera shi a ɗango ɗaya, ɗango kuwa shi ne layi guda na waƙa. Na farkon da na kai wa Malam har yau ina tuna shi, ina kuma jin kunyarsa: “Barci ya baro bawa a bakin bango, ba bi, ba bari, ba batun bege.” Na tsaya ina jiran yabo. Malam ya karanta, ya ajiye takardar a kan buzunsa, ya tambaye ni bawan nan me ya same shi. Ya ce in mai neman saniya ya ga sawu biyu ko uku a jere zai bi su har ya same ta, amma in ka kai shi kasuwar shanu ka nuna masa ƙasa ba ka taimake shi da komai ba. Ya ce in ɗora bin sawun a kan kalmomin da ke ɗauke da ma'ana, in bar sauran su huta, kuma kada in yarda da ɗangon da ban ji shi a bakin mutum ba. Sharaɗi na ƙarshe shi ya haɗa ni da Ɗanjuma.

Allah ya ba yaron nan murya, ya kuma ba shi numfashi. In ya ja baiti a bakin rafi mata masu wanki sukan dakata. Ni in rubuta, shi ya rera, in saurara in ji inda ya yi tuntuɓe in gyara. A hankali na zama telansa, ina yanka waƙa daidai da ƙirjinsa. Na gane yana son harafin ra, yana kaɗa shi har ka ji daɗi a bayan kunnenka, sai na riƙa tanadar masa shi. Mutanen gari da yawa sun ɗauka shi ke yin waƙoƙin. Nakan ce bai dame ni ba, amma tunda na zauna faɗin gaskiya, yakan ɗan sosa mini rai. Shi kuwa duk inda aka yabe shi sai ya nuna ni da haɓa, mutane su dube ni su yi murmushin ladabi, a ransu suna cewa ƙane ne ke rufa wa wansa asiri.

A shekarun nan Mauludi cikin kaka yake faɗowa. Kowace shekara a ƙofar gidanmu ake taruwa da hantsi, malamai su yi ta karatun yabo da Larabci, manoma na zaune suna cewa amin a inda ya dace da inda bai dace ba. Bayan an watse a wata shekara, ina da aure sabo a lokacin, Malam ya kira ni ya ce yana so baɗi a ji bege da Hausa, wanda mai riƙe da garma zai fahimta ya koma gida da shi, kuma ni zan yi shi. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Sai dai a kakar nan ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta yi ido ba, abin da muka zuba a rumbu ko mai kyakkyawan zato ya san ba zai kai mu shuka ba. Gidaje da yawa suka fara tura samari Riruwai, inda ake ɗaukar lebura. Mu ma dole ɗaya ya tafi, kuma ba wanda ya yi shakkar ko wane ne. Ni ne babba, na fi ƙarfi, ba na iya biya wa almajirai karatu, ba na iya jan salla. Malam da bakinsa ya faɗi haka a zaure bayan la'asar, ya ce ni Idi ni zan tafi, waƙa kuma ta jira wata shekara. Ɗanjuma yana gefe, ya gyara zama ya nemi izinin magana.

Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, hannun da ya wuni da diga ba ya dawowa ya riƙe alƙalami. A bar Yaya ya yi waƙarsa. Ni murya ce kawai, murya kuwa tana iya jira.”

Malam bai so ba. Ya ce yaro ne, ya ce aikin rami ba wasa ba ne, ya ce wa zai taya shi da makaranta. Ɗanjuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya warware, cikin ladabi, yana dariya, har ya ce rani ɗaya ne fa, ba Makka za shi a ƙasa ba. Daga ƙarshe Malam ya juyo ya dube ni, ya ce tunda ni ne babba maganar tana hannuna. Ranar ya jira ni, bai ƙarasa mini ba. Na dubi ƙanina, na tuna waƙar da ta riga ta fara motsi a kaina, na ce to. Kalmar ta fito sumul, ko gargada babu. To ga yadda aka yi, ku riƙe shi haka, ku daina ɗora wa Malam.

Ya tafi tare da samarin unguwa, da tabarmarsa da ɗan ƙunshin garin da Inna ta ɗaure masa. Na zauna da waƙa. Da safe in yi aikin gida, in yi jinka, in gyara danga, da rana in shige inuwar tsamiyar bayan gida da tawada da alƙalamin kara. Lokaci lokaci hatsi yakan iso daga wajensa a kan jakin fatake, tare da gaisuwa da tambayar ina aka kwana a waƙa. Abin da ban lura ba shi ne, da babu bakin da zai gwada mini, ɗangogina suka yi ta tsawo. Ina rubutu ina jin muryarsa a kaina, muryar cikin kai kuwa ba ta gajiya, ba ta neman iska. Da damina ta kusa muka sa ran ganinsa, sai ya aiko cewa aikin wankin kuza da ruwa ake yinsa, yanzu ne ma ake neman hannu, zai ƙara kwana biyu tunda gero bai nuna ba. Daga baya muka ji yadda aikin yake, mutum ya wuni tsaye cikin ruwa har gwiwa, ruwan sama na dukansa, ya kwana a bukka mai yoyo.

Ranar da ruwan fari ya sauka ina tsaye a bakin zaure, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan, sai ɗango ya zo mini gaba ɗayansa kamar an karanta mini. Na shiga na rubuta shi: “Ruwan rahama ya ratsa rani, ya rufe rairayi, ya raya rassan da rana ta ramar, ya rarrashi rai.” Na kai wa Malam. Ya karanta a hankali, ya ɗaga gira, ya ce mun koma kasuwar shanu ke nan. Na daure na yi masa gardama, abin da ban saba ba, na ce wannan ruwa ne, ruwa kuma ba ɗigo biyu yake yi ya tsaya ba, dole mai saurare ya ji yana zuba a kansa ba tare da an yanke ba. Ya sake karantawa, sa'an nan ya ce wannan kam na yi gaskiya, amma in sani duk ƙasar nan ƙirji ɗaya ne zai ɗauke shi a numfashi guda. Na ce ai don ƙirjin nan na yi shi.

Cikin marka aka kawo shi. Mota ta sauke shi a Tudun Wada, wani mutumin kirki ya ɗoro shi a jaki. Da na gan shi a ƙofar gida sai da na sake dubawa, rigarsa ta yi masa yawa, ƙasusuwan wuya a waje, ga wani tari da ke tasowa tun daga ciki. Inna ba ta yi kuka a gabansa ba, ta shiga madafa ta yi. Aka shiga magani, rubutun sha, saiwoyi, zuma, kunun kanwa, duk abin da wani ya ce ya taɓa yi wa wani amfani. Ya ɗan farfaɗo har yana zama a tsakar gida yana tsokanar matata, uwarku, wai tuwonta ne ya dawo da shi. Bai yi mako ba ya ce in kawo waƙar. Muryar tana nan da zaƙinta, amma numfashin ya tafi. Ya ja ɗango ya yanke a tsakiya, ya ja na biyu tari ya sarƙe shi. Ya yi dariya ya ce Yaya ya yi gini mai tsawo babu matakala. Na karɓi takardun na fita, don ban so ya ga fuskata ba.

Na koma gindin tsamiya na shiga yanka. Akwai inda na ce, “Haskensa ya haskaka hanya, ya haye hazo, ya huce haushin halitta.” Ni na fi kowa sanin harafin ha iska yake ci, kowane ɗaya sai ya kwashi rabonsa daga ƙirji. Na mayar da shi “Haskensa ya nuna hanya,” na bar sawu biyu kawai, ɗaya a kan hasken, ɗaya a kan hanyar. Haka na bi waƙar daga farko har ƙarshe, ina tambayar kowace kalma abin da take yi a wurin, wadda ba ta da amsa in cire ta, ina barin wuraren hutu kamar yadda ake barin inuwa a gona. Abin haushin shi ne waƙar ta fi kyau. Duk abin da Malam ya yi shekaru yana faɗa mini bai shiga ba, sai da ƙirjin ƙanina ya lalace na fahimta. Har yau in aka yaba mini sauƙin waƙoƙina nakan ji ɗaci, don na san inda na koyo shi.

Da na mayar masa ya bi ta a hankali, ya kai ƙarshe ba tare da ya sarƙe ba. Ya ce na yi masa ɗinki daidai da ramarsa. Sa'an nan ya juya takardun yana neman wani abu, ya tambaye ni ina ruwan rahama, don ya gan shi a rubutun farko. Na ce na raba shi gida biyu, na rage masa rassa. Ya girgiza kai.

Ya ce, “Sauran duk na yarda. Wannan ka mayar mini da shi yadda yake. Ina cikin ramin nan ina cewa Allah ya sa Yaya ya yi mini wanda ba mai iya shi sai ni.”

Na mayar. Kullum da safe, in rana ta ɗan yi ɗumi tarin ya lafa, sai in ji shi a bayan ɗaki yana gwadawa. Wata rana ya kai rassa ya tsaya, wata rana ya wuce. Sau ɗaya na ji ya kai ƙarshe, ya fito yana haki yana murmushi, ya ce in shaida.

Ranar Mauludi aka shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar zaure har bakin hanya. Mutane sun zo daga ƙauyukan kewaye, don labari ya bazu cewa ɗan Malam zai yi bege da Hausa, mata kuma suka taru a bayan zana. Da malamai suka gama nasu, Malam ya yi wa Ɗanjuma ishara. A zaune ya yi, bai iya tsayuwa ba, ni ina gefensa riƙe da takardun ko da yake ya haddace. Ya fara da murya ƙasa ƙasa, sai wurin ya yi tsit, na baya suka matso. Na ga wani tsohon manomi yana motsa leɓe yana maimaita haskensa ya nuna hanya, na san abin da Malam ya nema ya samu. Baiti ya bi baiti har muka iso wurin. Na ji ya ja iska, ya shiga, ruwan rahama ya ratsa rani, ya rufe rairayi, sai ya tsaya.

Ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Shirun ya yi tsawo, ko kuwa ni ne na ji ya yi tsawo. Wani ya yi gyaran murya, wani dattijo ya girgiza kai yana cewa Allah sarki, idanu suka fara sauka ƙasa don tausayi. Na san wannan kallo, a cikinsa na girma, kuma ban iya jure ganinsa a kan Ɗanjuma ba. Ban yi shawara da kaina ba, sai na ji bakina ya buɗe, na ɗauki ɗangon daga inda ya tsaya na rera shi har ƙarshe, da ƙarfi, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ban taɓa sanin rerawa tana kwance mini harshe ba, don tun ina yaro ban taɓa yarda na gwada a gaban kowa ba. Wuri ya ɗauki kabbara. Na ji Inna ta fashe da kuka a bayan zana, kukan murna. Malam ya zuba mini ido kamar yau ya fara ganina. Da na juya wajen Ɗanjuma na ga bakinsa a buɗe, kafaɗunsa a ɗage, ya riga ya tara iskar. Ya dube ni, ya sake ta a hankali ta hanci, ya shiga baiti na gaba ya kai waƙar ƙarshe.

Aka yi ta yi mini barka har azahar, wasu na cewa albarkar ranar ce ta warkar da ni. Da na samu na zame na shiga ɗakinsa, na tarar yana jingine da bango yana shan kunu. Ya yi mini murmushi, ya ce ashe ina da murya na ɓoye masa duk shekarun nan, ya ce ya ji daɗi, kuma na san da gaske yake. Ya kurɓi kunun, ya ajiye ludayin.

Ya ce, “Na kusa fa, Yaya. Numfashin ya zo.”

Bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma sake rera komai ba. In na kawo masa sabon baiti sai ya ce in rera masa da kaina ya ji. Kafin ruwan fari na gaba ya sauka Allah ya karɓi abinsa, muka kai shi da hantsi. Ni kuma na zama mai rera waƙoƙina, aka san ni daga Bebeji har Doguwa, ana aiko mini da goron gayyata, na ci wannan suna har na tsufa. Duk wannan bai cire mini abin daga rai ba. Yaron da ya jira ni tun yana koyon magana, sau ɗaya tak ya buƙaci in jira shi.

Kun sha ji ina rera begen nan a Mauludi, in na zo rairayi in tsaya, in daɗe, sa'an nan in wuce baiti na gaba. Wasunku sun ɗauka i'ina ce, wasu tsufa. Bara Binta ta tausaya mini ta ƙarasa daga bayan ƙofa, kuka yi ta yaba mata, ni ma na sa mata albarka don ba ta sani ba. Yanzu kun sani. Ban manta ɗangon ba, ni na rubuta shi. In kun ji na tsaya a wurin nan, ku yi shiru ku jira tare da ni, kada wanda ya ƙarasa.